Yadda na nema wa hed ɗina akwatin da ya dace da shi

Warin ne ya fara isa hancina kafin sautin ya ɗauke. Muna cikin wani zauren biki a Unguwan Rimi a Kaduna, daren Asabar, ƙawayen amarya sun jeru a bakin ƙofa, mai gabatarwa ya ce jama'a su miƙe, mai kalangu ya ɗaga kiɗa, ni kuma ina bin sa da jitar bes. Sai na ji wari kamar an jefa leda a garwashi. Ina waiwayawa na ga siririn hayaƙi yana fita ta bayan hed ɗina, wato amfilifayar jitata. Kafin hannuna ya kai makunni, ƙasan kiɗan gaba ɗaya ya zube. Wanda bai taɓa tsayuwa a dandamali ba ba zai san yadda waƙa ke komawa fayau idan bes ya ɗauke ba. Kowa a zauren yana jin wani abu ya ɓace, amma ba kowa ne zai iya cewa ga shi ba. Mai fiyano ne ya rufa mana asiri, ya riƙa cike gurbina da hannun hagu har amarya ta zauna. Na ƙarasa daren a gefe, jita a cinya, zuciyata kamar ta fashe.

Ga wanda ba ya cikin sana'ar, kayan bes iri biyu ne. Akwai wanda amfilifaya da sifika suke haɗe a gida ɗaya, ka jona jita kawai ka kama kiɗa. Akwai kuma wanda aka raba: amfilifayar daban, ita ce muke ce wa hed saboda a kan akwati ake ɗora ta, sannan akwatin sifika daban. Na biyun ya fi ba mutum 'yanci, domin kana iya canza ɗaya ka bar ɗaya, amma 'yancin yana zuwa da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ban sani ba a lokacin.

Abin da na yi a daren mai sauƙin faɗa ne. Akwatina guda ɗaya ne, mai sifika inci 15, zauren kuma ya fi ƙarfinsa. Mai kayan sautin wurin ya tausaya mini ya ara mini wani akwati nasa. Na ga rami biyu a bayan hed, na ɗauka tunda an yi rami biyu, kowane akwati biyu za su zauna lafiya. Na zaro wayar jita da nake ajiyewa a jaka saboda ɓacin rana, na jona. Kusan rabin awa sautin ya yi daɗi, har mai ganga ya ɗaga mini yatsa.

Ranar Litinin na ɗauki hed ɗin a keke zuwa Tudun Wada, wurin wani dattijo mai gyaran amfilifaya da naɗin koyil, wato wayar da ke naɗe a cikin sifika, ba nisa da Panteka. Kowa Baba yake ce masa. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. A kusurwa ga tsofaffin maganaɗisun sifika an tara su kamar faifai, ƙananan ƙusoshi sun manne a jikinsu, a kan tebur ga dalma da ƙarfen liƙi, ga rediyo tana magana ƙasa-ƙasa. Ya gyara tabaransa, ya kwance murfin, ya kai hancinsa kafin ma ya kai ido. Ya nuna mini jerin transisto da suka yi baƙi, da wurin da allon ya ƙone har ya kumbura.

"Akwati nawa ka ɗora masa, yarona?"

"Biyu, Baba."

"Om nawa-nawa?"

Na yi shiru, domin ban taɓa dubawa ba. Bai yi mini faɗa ba. Juya hed ɗin ya yi, ya goge ƙurar bayansa da babban yatsa, ya nuna mini wani ƙaramin rubutu a ƙarƙashin ramukan nan biyu, mai cewa kada jimillar nauyin da za a ɗora masa ta sauka ƙasa da om 4. Shekara biyu ina ɗaukar wannan na'ura daga biki zuwa biki, ban taɓa karanta bayanta ba.

Abin da ya fi rikita ni da farko shi ne kalmar nauyi, saboda a nan ƙaramar lamba ce mai nauyi. Baba ya ce in ɗauki hed a matsayin injin tura ruwa, akwati kuma famfo. Om shi ne ƙuncin bakin famfon. Akwatin om 8 bakinsa matsattse ne, ruwa kaɗan yake ja. Na om 4 bakinsa ya ninka faɗi, yana jan ninki. Idan ka buɗe famfo biyu a kan inji ɗaya, ba ka rage masa aiki ba, ƙara masa ka yi. Ramukan nan biyu na bayan hed a haɗe suke ta ciki, don haka duk akwatin da ka ƙara wani famfo ne ka buɗe. Ya yago bayan kwali ya rubuta mini da biro: akwati biyu masu om 8 suna zama om 4, biyu masu om 4 suna zama om 2. Idan lambobin sun bambanta, ka ninka ɗaya da ɗaya ka raba da jimillarsu, wato 8 da 4 suna ba da 32 a raba da 12, kusan om 2.7. Da muka auna akwatina daga baya, om 4 ne. Na mai kayan sauti ma, da na tambaye shi, om 4 ne. Ke nan om 2 na ɗora wa na'urar da aka yi domin om 4, na ƙure mata murya a zaure mai zafi, ta cikin wayar da ba ta aikin ba. Ta yi haƙuri ma da ta kai rabin awa.

Har yau kwalin nan yana cikin jakar jitata.

Kuɗin gyara ya kusa kuɗin wani na hannu, Baba da kansa ya ce kada in zuba kuɗi a rijiya. Sai na jira kwasar adashena. Wata uku ina aron kaya a wurin malamin da ya koya mini bes, wani bawan Allah a Sabon Tasha da ke kiɗa a coci, wanda bai taɓa karɓar ko sisi a hannuna ba, sai dai ya ce in dawo masa da su kafin safiyar Lahadi. A Kaduna da yawanmu masu kiɗan biki a hannun irinsu muka koyi wannan jita, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya ɓoye hakan ba.

Da kuɗi suka zo, wani abokina da ke saro kaya a kasuwar Alaba ta Legas ya riƙa turo mini hotuna ta WhatsApp. Baba ya ce duk hoton gaba in ajiye shi, na baya yake son gani. Na farko da ya burge ni, bayansa ya nuna bolt 120, wato an yi shi ne domin wutar Amurka. Tamu 230 ce. Wanda ya soka irin wannan kai tsaye a bango, ko a yi sa'a fiyus ya tare, ko kuma a yi asarar na'urar tun ranar farko. Ana iya amfani da shi da taransifoma mai sauke wuta, amma ƙarin kaya ne mai nauyi, kuma rana ɗaya wani yaron da ke taya ku ɗaukar kaya zai manta da ita. Na bar shi. Wanda na saya Hartke HA3500 ne, mai bolt 230. Yana ba da wat 350 a kan om 4, wat 240 a kan om 8, kuma ba a sauka da shi ƙasa da om 4.

Akwai bawul guda a sashensa na gaba, irin kwalaben tsohuwar rediyo, don ɗumama sauti, amma ƙarfin da ke tura sifika daga transisto yake fitowa. Wannan bambancin yana da muhimmanci. Hed mai transisto ba ya damuwa idan om ya yi sama, ƙarfinsa ne kawai zai ragu, sauka ƙasa ne ke kashe shi. Wanda kuwa ƙarfinsa gaba ɗaya na bawul ne, kamar Ampeg SVT da aka fitar a 1969 mai wat 300, yana son a ba shi daidai lambar da ya nema, kuma ba a kaɗa shi babu akwati a jone, don taransifomar da ke fitar da sautinsa tana iya lalacewa. Baba ya ce shahararren akwatin nan nasa mai tsayi kamar firij, sifika 8 ne a ciki masu inci 10, kowace om 32, da aka haɗa su gefe da gefe suka koma om 4. A nan na gane lissafin kwalin nan ba a bayan hed kaɗai yake aiki ba, har cikin akwati.

Shawara ta farko da ta sha mini kai ita ce: in nemi akwatin om 4 in kwashi wat 350 ɗin duka, ko in nemi na om 8 in haƙura da 240? Zuciyata ta karkata ga na farko, don gani nake kuɗin 350 na biya. Malamina ne ya zaunar da ni. Ya ce kunne ba ya ƙirga wat yadda aljihu ke ƙirga naira. Idan ka ninka wat sau 2, desibel 3 kacal ka ƙara a ma'aunin ƙarar sauti, abin da za ka ji ya ɗan motsa, ba wai ya ninka ba. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai ka ninka wat kusan sau 10. Tsakanin 240 da 350 kuwa ko desibel 2 babu. Amma idan ka sayi na om 4, ka rufe wa kanka ƙofa, babu sauran akwatin da za ka ƙara. Idan na om 8 ne, duk ranar da Allah ya hore ka sayi ɗan'uwansa, su zama om 4, hed ya saki ƙarfinsa duka, ga kuma ninkin takardar sifika mai tura iska. Wannan ƙarin shi ne wanda ake ji har bayan zaure. Tsohon akwatina mai om 4 da wat 200 ba shi da gurbi a wannan tsari, don haka na sayar da shi na ƙara a kan kuɗin.

Sai yawon neman akwati. Baba ya ce ba zai bar ni in je ni kaɗai ba. Ya rufe shago wata Laraba da hantsi, ya saka mitar awo da batir mai bolt 9 a aljihun rigarsa, ni kuma na rungumi hed da jita, muka tari keke. Ya ce ba a sayen akwati da hed ɗin mai shago, da naka za ka gwada, da jitarka, da yatsunka.

Na farko a wani shago ne a cikin gari. Ƙato ne, sifika ɗaya inci 18, an manna masa takarda mai ƙyalli da lamba 3000.

"Oga, wannan in ka kunna shi a Kawo, sai an ji a Mando," in ji mai shagon.

Baba ya yi murmushi ya tambaye shi, 3000 ɗin na wane awo ne? Lambar da za a dogara da ita ita ce ta RMS, wato ƙarfin da sifika za ta iya ɗauka a jere ba tare da koyil ya ƙone ba. Akwai wata da ake rubutawa PMPO, wadda masu talla suka fi so saboda girmanta, kuma ba ta gaya maka komai game da daren biki na awa huɗu. Duk da haka muka gwada. Gaskiya ya girgiza kwanon shagon, har gilashin kanta yana rawa. Amma da na bi wani salo mai sauri, duk muryoyin suka cakuɗe suka zama gurnani guda. Irin wannan akwati an yi shi ne don ya riƙe can ƙasan sauti a ƙarƙashin wasu akwatuna, ba don ya faɗi abin da yatsun makaɗi ke faɗa ba. Mitar ma ta nuna 3 da ɗoriya, wato om 4 ne. Muka yi godiya muka fita.

A nan zan tsaya kaɗan a kan mitar, don na ga mutane suna rikicewa. Ba za ta taɓa nuna maka 8 cif ko 4 cif ba. Abin da take aunawa tsayayyar juriyar wayar koyil ce, wadda kullum takan yi ƙasa da lambar da aka rubuta. Akwatin om 8 yakan nuna tsakanin 5 da 7, na om 4 kuma wajen 3. Idan ta nuna kusan sifiri, wayoyi sun haɗe a wani wuri. Idan ba ta nuna komai ba, wani abu ya tsinke.

Wannan sanin ne ya cece ni a wuri na biyu, gidan wani mai ba da hayar kayan sauti a Kakuri. Akwatin mai sifika biyu ne, fes da shi, an sake masa kafet, farantin bayansa ya ce om 8. Na riga na fara ciniki a raina. Baba ya ɗora mita, ta nuna 3.2. Ya sake gogewa ya ɗora, 3.2. Mai kayan ya rantse bai sani ba, kuma na yarda da shi, don shi ma a hannu ya saya. Da aka kwance, sai ga shi wani ya taɓa canza sifikun, ya saka biyu masu om 8 ya haɗa su gefe da gefe, rubutun baya kuma ya bar shi yadda yake. Idan shi kaɗai ne, zai zauna da hed ɗina lafiya. Amma da na saya da sunan om 8, ranar da na ƙara masa wani om 8, da na koma 2.7 ba tare da na sani ba, da hayaƙin Unguwan Rimi ya sake tashi. Kayan hannu a garin nan sun bi ta hannaye da yawa, kuma kowane hannu yana barin abin da ya bari.

Na uku malamina ne ya ji labarinsa, a Barnawa, wurin wasu makaɗa da suka sauya kaya. Da na gan shi gwiwata ta yi sanyi. Kafet ya yage a kusurwoyi, ragar gaba ta lotsa, hannu ɗaya ya karye an ɗaure da igiya. Sifika 4 ne masu inci 10, farantin baya ya ce om 8, wat 400. Na ce wa Baba a hankali, "Baba, anya inci 10 zai yi bes kuwa?" Domin mu a nan mun taso da cewa sai 15 ko 18 ne bes. Ya ce in daina kallon faɗin guda ɗaya, in tara su. Takardar sifika 4 masu inci 10 idan aka haɗa ta fi ta inci 15 guda ɗaya faɗi nesa ba kusa ba, ga koyil 4 suna raba zafi a tsakaninsu. Zurfin sauti kuma ba faɗin sifika kaɗai ke kawo shi ba, har da girman cikin akwatin da ramin iskar da aka yanka masa.

Yadda ya duba akwatin nan abin kallo ne. Ya fara da mita: 6.1. Ya cire ragar, ya ware yatsunsa biyar a kewayen tsakiyar kowace takarda, ya tura a hankali ya saki, kunnensa a kusa. Yana neman ƙarar gurzawa ne, kar-kar, alamar koyil ya taɓa yin zafi ya karkace yana gogar maganaɗisu. Duk huɗun suka shiga suka fito shiru. Ya bi gefen kowace da ɗan yatsa yana neman tsaga. Ya ƙwanƙwasa jikin akwatin ya ce falanki ne na gaske, ba garin katako da aka matse ba, wanda damina ɗaya ta Kaduna ke kumbura shi ya fara zubar da ƙusa. Sannan ya fito da batir. Ya jona waya a akwatin, ya ɗora ƙarshen jak ɗin, wato kan wayar da ake sokawa, a kan batir na ɗan lokaci kaɗan, tsinin a kan alamar tarawa. Aka ji ɗum. Ya ce in zuba ido. Ya sake taɓawa. Uku suka yunƙuro waje, ɗaya ta ƙasa ta hagu ta shige ciki.

"Ka gani? Uku suna turawa, ɗaya tana ja. Wani ya gyara ya juya mata waya."

Mita ba za ta taɓa nuna wannan ba, don lambar ba ta canzawa. Amma sifikar da ke tafiya baya tana cinye aikin 'yar'uwarta guda, kuma ƙasan sauti ne ya fi shan wahala. Masu akwatin suka ce dama sun daɗe suna jin ba shi da ƙarfi, shi ya sa suka fitar da shi. Baba bai ɓoye musu ba, ya gaya musu gyaran na minti biyar ne, in suna so su fasa sayarwa. Suka ce sun riga sun sayi wani, Allah ya sa rabona ne. A wurin ya kwance sifikar, ya sauya wayoyi biyun, ya mayar. Na kaɗa E a sake, kirtani mafi kauri, sai na ji iska ta bugi ƙafar wandona.

Wannan muryar ta E tana girgiza ne kusan sau 41 a sakan. Masu jita mai kirtani 5 suna da B a ƙasanta, kusan sau 31. A irin wannan zurfin, abin da ke fara gajiya ba koyil ba ne, tafiyar takardar ce. Kowace sifika tana da iyakar nisan da za ta yi gaba da baya, kuma kana iya kai ta wannan iyaka da wat da bai kai rabin abin da aka rubuta ba, musamman idan ka murɗe makunnin bes har ƙarshe. Baba ya sa na yi hakan da gangan na ɗan lokaci don in san muryar. Sautin ya tashi daga ɗum mai tsabta ya koma ɓar-ɓar, kamar tsumma a bakin fanka. Ya ce duk ranar da na ji wannan, akwatin ne yake roƙona, in rage bes ko in rage ƙara nan take, kada in tsaya duba lambar wat. Haka kuma idan hed ne ya ƙure, sautin yakan yi kaushi, kuma ƙaramar sifikar sama, tuwita, ita ke fara mutuwa. Don haka maganar da ake yi cewa akwati ya fi hed wat ko hed ya fi akwati, duk biyun suna aiki muddin makaɗi yana saurare. Nawa dai 240 ne a kan mai ɗaukar 400, hankalina kwance.

Na tambaye shi ko nan gaba in ƙara mai inci 15 a ƙasa, kamar yadda nake gani a hotuna. Ya ce ana yi, amma in tuna idan duka om 8 ne, hed zai raba ƙarfinsa biyu daidai: 175 ga akwatin da sifika 4 za su raba, 175 ga sifika guda ita kaɗai. Ita za ta fara kuka alhali sauran ko gumi ba su yi ba. Ya fi son in nemo irin wannan sak.

Saura waya. Wayar jita da wayar sifika kansu iri ɗaya ne, shi ya sa ake ruɗuwa, amma cikinsu daban. Ta jita siririn zare ne guda a tsakiya da raga kewaye da shi don tare hayaniya, an yi ta ne domin ɗan ƙaramin sigina. Ta sifika jijiya biyu ce masu kauri domin ɗaukar wuta. Ka tura wat ɗari biyu ta wayar jita, za ta yi zafi, robar ciki tana iya narkewa wayoyin su haɗe, hed ya tafi. Sababbin kaya da yawa suna zuwa da Speakon na kamfanin Neutrik, wanda ake murɗawa ya kulle, ba ya zarewa kuma ba a rikita shi da wayar jita. Nawa na jak ne, don haka Baba ya yanko waya mai jijiya biyu masu kauri, gajeriya, ya liƙa mata kawuna masu kyau, ya naɗa jan salatif a kowane ƙarshe don ko a duhu in gane ta.

Ɗaukar akwatin nan aiki ne, sai mutum biyu, kuma mai keke sai ya ga dama. Na kai shi Panteka aka yi masa sababbin hannaye da tayoyi 4 da ƙarfen kusurwa. Yanzu akwai ƙananan hed na zamani da ke shiga jakar goyo da akwatuna marasa nauyi, ina sha'awarsu, amma kuɗinsu ba na mai jiran adashe ba ne.

Gwajin gaskiya a wurin atisaye aka yi shi. Ni kaɗai a ɗaki, sautin da na fi so shi ne mai zurfi, tsakiya a kwashe. Da mai kalangu da mai ganga da fiyano suka shigo, sai na nemi kaina na rasa. Na kai hannu zan ƙara ƙara, sai na tuna tsumma a bakin fanka, na fasa. Maimakon haka na rage can ƙasan kaɗan, na ɗaga tsakiya. Nan take jitar ta fito fili, ba ta danne kalangu ba, kalangu bai danne ta ba. Mai kalangunmu dattijo ne, Kawu muke ce masa, ba ya yawan magana. Ya tsaya ya dube ni ya ce, "Yau na ji abin da kake faɗa, ɗana. Da can gurnaninka kawai nake ji." Na kuma lura wurin ajiye akwati yana canza komai. A jikin bango ƙasan yana ƙaruwa, a kusurwa yana yin yawa har ya dame, musamman a zaure mai tayil. A fili ƙarƙashin rumfa kuwa babu bangon da zai taimaka, nan ne nake ba mai miksa, wato na'urar haɗa sauti, layi ya saka ni a manyan sifikun wurin, akwatina ya zama nawa da abokan kiɗa.

Wuta ma na koyi yi mata ladabi. Ba na kunna hed sai na rage ƙara zuwa sifiri, shi nake kunnawa ƙarshe, shi nake fara kashewa. Idan aka ɗauke wuta za a koma janareta, ina zare shi daga soket har injin ya daidaita. Ina bar masa sarari a baya don fankarsa ta yi numfashi, lokacin hunturu kuma duk mako biyu nake bin ramukan iskar da burushi, saboda ƙurar da ke taruwa a ciki bargo ce a kan abin da ke neman sanyi.

Bikin farko da na fita da sabon hed da akwatin a Malali ne, zauren ya fi na Unguwan Rimi girma. Muna cikin jera kaya sai mai kayan sautin wurin, wani saurayi mai kirki, ya turo wani akwati ya ce, "Yaya, ga wannan ka ƙara, wurin nan da faɗi." Na gode masa, na buɗe jaka na fito da mitar da na saya, na ɗora. Ta nuna 3.3. Na nuna masa, na fito da kwalin Baba na nuna masa layin 8 da 4. Ya ɗauki hoton kwalin da wayarsa, ya jawo mini layi zuwa miksa a maimakon haka. Muka yi awa uku muna kiɗa. Da aka tashi cin abinci na ɗora tafin hannuna a kan hed, ɗumi ne kawai kamar kofin shayin da ya huce. Kawu ya gyara zaman kalangunsa a hammata, mai gabatarwa ya ce ango da amarya za su fito fili, na mayar da jita wuya.